Karatu ko Magana? Salon Jawabin Shugabannin Najeriya

Ranar 1 ga Oktoba, da misalin ƙarfe bakwai na safe, gidan talabijin na NTA da Rediyon Najeriya kan ɗauko shugaban ƙasa, a kuma buƙaci sauran tashoshi su jona. Tsarin zaman ba ya sauyawa. A buga taken ƙasa, ga tuta a bayansa, ga tambarin gwamnati a gabansa, ya gaishe da 'yan uwansa 'yan Najeriya da Turanci, sannan ya shiga sakin layi na ɗaya. Daga nan sai jerin ayyuka: kilomita kaza na titi, tan kaza na taki, kashi kaza cikin ɗari na bunƙasar tattalin arziki. Idonsa na kan takarda, ko kan gilashin nan da ke hasko masa rubutu. Muryar da ya karanta adadin taki da ita, da ita zai yi ta'aziyyar sojojin da suka kwanta dama a fagen daga. Da ya sauka, masu magana da yawunsa su raba wa 'yan jarida rubutun, kowane sakin layi da lambarsa. Mai shayi a Funtuwa kuwa tuni ya rage muryar rediyo, yana jiran labaran Hausa su gaya masa ko an taɓo kuɗin fetur.

Wannan karatu ne, ba magana ba ce. In ana batun salon isar da jawabi, ba kalmomin da aka rubuta ake nufi ba, ana nufin abin da baki da jiki ke yi da su: saurin magana, inda ake dakatawa, kalmar da ake dannawa, inda ido ke kallo, da kuma wanda mai jawabin ya ƙudurta a ransa cewa da shi yake. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fanni. Duk wanda ya taɓa zaman tafsirin azumi ya san aikin na mutum biyu ne, mai jan baƙi da malamin da ke warware ma'ana, yana kawo misali, yana maimaitawa in ya ga fuskoki ba su gamsu ba. Ba darajar abin da ake karantawa nake kwatantawa ba, tsarin zaman kawai. Jawabin shugaban ƙasa a Najeriya zama ne da aka zo da mai jan baƙi, aka baro mai fassara a gida. Yadda aka kai ga haka tarihi ne mai tsawo, kuma mafi yawansa a bariki aka rubuta shi.

Da farko ba haka abin yake ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Minista ne, ba shugaban ƙasa ba, amma shi ke riƙe da gwamnati, kuma muryarsa ce duniya ta fara sani a matsayin muryar Najeriya. Shi ma takarda yake karantawa, a filin sukuwa na Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, da zauren Majalisar Ɗinkin Duniya bayan kwana shida, da majalisar dokokin Amurka a Yulin 1961. Sai dai karatun malamin makaranta ne. A hankali yake tafiya, kowace kalma ta fito da cikarta, murya mai kauri ba gaggawa, kamar mai jiran na bayan aji ya kamo. Abin da ya jawo masa laƙabin Muryar Zinare ke nan. Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama shugaban ƙasa maras ikon zartarwa a 1963, nasa salon daban ne: manyan kalmomin Turanci da jimla mai hawa-hawa, irin wadda taro ke yi wa tafi ko bai gane ba. Amma dukansu a majalisa suka goge, inda ake mayar wa mutum martani tun bai zauna ba. Ɗan siyasar wancan zamani a filin lacca yake koyon magana. A Arewa, laccar Malam Aminu Kano ita kanta makaranta ce. Talaka kan tashi daga wurin ya san abin da haraji da jangali suke, da inda kuɗin ke tafiya.

Ranar 15 ga Janairu 1966 Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi magana ta rediyo daga Kaduna, kuma daga ranar wani sabon nau'in jawabi ya shigo ƙasar, wato sanarwar juyin mulki. Kowa ya haddace tsarinta. Kiɗan soja ya yi ta tashi tun asuba, wani hafsa ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya rushe gwamnati, ya rufe iyakoki da filayen jiragen sama, ya kafa dokar hana fita, ya gargaɗi duk mai neman tayar da zaune tsaye. Kanar Joe Garba ya karanta irinta a Yulin 1975, Birgediya Sani Abacha a ranar ƙarshe ta 1983. Waɗanda juyinsu bai yi nasara ba ma a wannan salon suka faɗi. Laftanar Kanar Dimka, cikin ruɗewar safiyar 13 ga Fabrairu 1976, ya kafa dokar hana fita daga shida na safe zuwa shida na yamma, ya juya lokacin. Manjo Gideon Orkar a Afrilun 1990 ya cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauchi daga Najeriya da baki. Abin lura a nan shi ne, mai irin wannan jawabi ba ya neman ka yarda. Sanar da kai yake yi. Ba ya buƙatar kallon idonka, ba ya buƙatar misali, domin bindiga ta riga ta gama hujja kafin a kunna makirufo. Soja sun riƙe ƙasar kusan shekara 29, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A shekara 24 na farkon Jamhuriya ta Huɗu kuma, 16 tsofaffin janarori biyu ne suka yi su. Mamaki zai kasance in da salon bai bi mu cikin farar hula ba.

Ba a ce salon sanarwa bai taɓa yin armashi ba. Janar Yakubu Gowon ya rufe yaƙin basasa a Janairun 1970 da murya mai taushi, ta sulhu, kuma wannan taushin ya yi aiki. Amma gwanin wannan fage Janar Murtala Muhammad ne. Gajerun jimloli, a guntule, kowace ta ƙare da cewa ta fara aiki nan take. A jawabi ɗaya, ranar 3 ga Fabrairu 1976, ya mayar da jihohi 19, ya kuma sanar da ɗauke babban birni daga Legas. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 11 ga Janairu, ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa kan rikicin Angola, bayan Shugaba Gerald Ford na Amurka ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su tsaya, ya ce Afirka ta girma, ta wuce a riƙa ba ta umarni daga waje. Abin da ya sa muryar Murtala ta zauna a kunnen mutane shi ne ba a jin tazara tsakanin takardar da mutumin. Fushin da ke cikin rubutun shi ne fushin da ke cikin maƙogwaronsa. Sai dai kimanin kwana 200 ya yi. Da wannan “nan take” ɗin aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ba a saurari bahasinsu ba, kuma har yau aikin gwamnati bai gama farfaɗowa daga tsoron da hakan ya dasa ba. Waɗanda suka biyo baya sun kwaikwayi guntule maganar, ba su da zafin da ke riƙe ta.

A 1979 Najeriya ta ajiye tsarin majalisa irin na Ingila, ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka. Ta ɗauko majalisar dattawa da ta wakilai, da wa'adin shekara huɗu, da rantsuwa a bainar jama'a. Abin da ba ta ɗauko ba shi ne wata al'ada da ba a rubuce take a tsarin mulkin Amurka ba, wato shugaba ya zauna ya fahimtar da jama'a. Su ma can ba da ita aka haife su ba. Thomas Jefferson a 1801 ya daina zuwa majalisa da kansa, sai ya aika da saƙonsa na shekara a rubuce, magatakarda ya karanta, kuma haka aka ci gaba har Woodrow Wilson ya koma zuwa da ƙafarsa a 1913. Da rediyo ta zo, yawancin 'yan siyasa sun riƙa yi wa makirufo ihu kamar suna gaban dubban mutane a fili. Franklin Roosevelt ne ya gane cewa mai sauraron rediyo ba a fili yake ba, a ɗakinsa yake, shi da iyalinsa.

Ya kamata a dubi jawabinsa na daren Lahadi, 12 ga Maris 1933, da kyau. Kwanansa takwas a mulki. Bankuna na ta durƙushewa, jama'a sun yi dafifi suna kwashe kuɗinsu, har ya rufe dukan bankunan ƙasar tun ranar 6 ga wata. Washegari za a fara buɗewa, kuma in aka sake yin rububin cire kuɗi, an gama. Ya kira masu sauraro abokansa, ya ce yana so ya ɗan yi musu magana kan banki, musamman mafi rinjayen mutane da ba su san yadda banki ke aiki ba sai ajiya da cirewa. Sai ya fara daga tushe: in ka kai kuɗi banki, ba a akwatin ƙarfe ake kulle su ba, ana ba da su bashi ne, ana zuba su a harkoki, kaɗan ake ajiyewa don biyan buƙatar yau da kullum. Saboda haka in kowa ya zo rana ɗaya, ko bankin da ke da lafiya ba zai iya biya ba. Ya bayyana dalilin rufewar, ya faɗi tsarin buɗewa: Litinin a manyan birane 12, Talata a wasu kimanin 250, Laraba sauran ƙasa. Ya ce bai yi alkawarin kowane banki zai buɗe ba, ko kuma ba wanda zai yi asara. Sannan ya ce ajiye kuɗi a bankin da aka sake buɗewa ya fi ɓoye su a ƙarƙashin katifa aminci. Duka bai kai minti 15 ba. Da safe layukan da aka gani na masu mayar da kuɗi ne, kuma kafin ƙarshen watan fiye da rabin abin da aka ɓoye ya koma.

To, Roosevelt ma karantawa yake yi. Rubutun kan bi ta hannun mataimaka, a yi ta gyara, shi kuma ya yi ta furta shi a fili yana cire duk kalmar da ta yi wa baki nauyi. Ashe matsalar ba takarda ba ce, matsalar wa aka rubuta wa takardar, ido ko kunne. Yana magana a hankali fiye da masu shela na rediyon zamaninsa. Ministarsa ta ƙwadago, Frances Perkins, ta ba da labarin yadda yake murmushi yana motsa hannu a gaban makirufo kamar mutanen na zaune a gabansa. A Fabrairun 1942 ya roƙi jama'a su shimfiɗa taswirar duniya kafin ya fara, jaridu suka buga ta, ya bi da su teku-teku yana nuna musu dalilin da ya sa yaƙin da ke nesa ya shafe su. Kuma bai yawaita ba, kimanin sau 30 ya yi irin wannan hira a shekara 12, don ya san kunne na gajiya. Bayansa abin ya zama sana'a. Eisenhower ya ɗauki ɗan wasan fim Robert Montgomery ya koya masa zama gaban kyamara, Kennedy ya fara amsa tambayoyin 'yan jarida kai tsaye a talabijin a Janairun 1961, Reagan kuwa, wanda tsohon mai sharhin wasanni ne a rediyo kafin ya shiga fim, ya mayar da jawabin rediyo na ranar Asabar al'ada.

Shugabanmu na farko a sabon tsarin, Alhaji Shehu Shagari, shi ma malamin makaranta ne, kuma marubucin waƙa da Hausa. Amma a kujerar mulki murya ce mai sanyi, mai ladabi, wadda ba ta hawa ba ta sauka. (Wanda ya fi kowa baiwar magana a zamanin, Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, da Shagarin suka nemi tikitin NPN a 1978; ƙarshenta Majalisar Ɗinkin Duniya aka tura shi, can ya kai fasahar.) A nan akwai wani abu da ya shafe mu 'yan Arewa, wanda ba bariki ce ta kawo shi ba. A tarbiyyarmu babba ba ya yawan magana. A fada sarki ba ya ɗaga murya, ƙasa-ƙasa yake magana ta bayan amawali, fadawa su amsa gaisuwa a madadinsa. Kwarjini na cikin kawaici, mai yawan bayani kuwa ana ganin kamar yana kare kansa ne. Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, kowanne da gwargwadonsa, sun shiga fadar gwamnati da wannan ɗabi'a. Abin da ake mantawa shi ne, shirun sarki yana da masu cike shi. Akwai hakimi da dagaci da mai unguwa da ke kai saƙo har ƙofar gida, akwai zaman fada inda mai kuka ke faɗuwa ya yi kukansa. Shugaban ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba shi da wannan tsani. In ya yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin.

'Yar'aduwa ya nuna fuska biyu na wannan salo. A ranar rantsar da shi, 29 ga Mayu 2007, da wannan muryar tasa maras hayaniya ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya kuma ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara. Da mai kumfar baki ne ya faɗa, da an ce siyasa ce. Sanyin muryar ne ya sa aka gaskata. Amma da ya tafi jinya Jidda a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi mako bakwai ba ta ji ɗuriyarsa ba, sai ranar 12 ga Janairu 2010 da BBC ta saka wata gajeruwar hira da shi ta waya, murya a raunane. Majalisar tarayya da wannan hirar ta kafa hujja ranar 9 ga Fabrairu, ta ɗauke ta a matsayin sanarwar cewa ba shi da lafiya, ta mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba. Ƙasar da muryar shugabanta ta yi wuyar samu har 'yan daƙiƙoƙi a waya suka zama takardar tsarin mulki, ta kai maƙura wajen kawaici.

Mai karatu zai iya cewa, ai mun taɓa yin shugaba mai iya hira, me ya tsinana? Gaskiya ne, kuma dole a amsa. Janar Ibrahim Babangida, sojan farko da ya kira kansa shugaban ƙasa, ya iya kallon kyamara, ya iya murmushi, ya iya kiran ɗan jarida da sunansa. A 1985 ya buɗe wa ƙasa muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, jama'a suka ce ba sa so, ya ce ya ji, sannan a 1986 ya kawo shirin SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan bashin. Ranar miƙa mulki ta yi ta matsawa gaba, kowane ɗagewa da lafazi mai daɗi, har 'yan jarida suka sa masa Maradona. Da aka zo soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, wata takarda ce maras sa hannu ta fara fita ranar 23 ga wata, jawabinsa ya biyo bayan kwana uku. Darasin Babangida ya yi wa salon bayani illa a Najeriya, domin ya koya wa mutane cewa shugaba mai daɗin baki akwai abin da yake ɓoyewa. Amma abin da ya kasa a nan ba salon ba ne. Roosevelt ya faɗa wa mutane cewa wasu za su yi asara. Wannan jimlar ce ta sa aka yarda da sauran.

Obasanjo na farar hula ya dawo da magana cikin ofis: gyaran murya, karin magana, Turancin buroka, barkwanci, da tsawa in an ɓata masa rai. Ya riƙa zama da 'yan jarida a talabijin a kai a kai, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai san abin da ke ransa ba. Illarsa ita ce hirar kan koma faɗa, kamar uba da 'ya'ya, kuma bakin da ba linzami shi ya kira zaɓen 2007 na ko a mutu ko a yi rai. Jonathan ya ci gaba da zaman, da sauƙin kai, amma sau da yawa ba shiri. A Yunin 2012 ya ce bai damu da masu neman ya bayyana kadarorinsa a fili ba, kalmar ta bi shi har ƙarshen mulki. 'Yan matan Chibok kuma, da aka sace ranar 14 ga Afrilu 2014, sai ranar 4 ga Mayu ya yi wa ƙasa magana a kansu. Mafi tasirin abin da ya furta ba jawabi ba ne, wayar da ya buga wa Buhari ce ranar 31 ga Maris 2015 yana amsa shan kaye a zaɓe.

Buhari kuwa mutum biyu ne a baki. Wanda ya saurare shi da Hausa, a filin kamfe ko a sashen Hausa na BBC, ya san mutum ne mai zolaya, mai gajeruwar amsa da ke ƙayatarwa, wanda har hawaye ya zubar a gaban jama'a a ƙarshen kamfen ɗin 2011. Wanda ya san shi ta jawabin ƙasa kawai, wani mutum ya sani: kai a sunkuye, Turanci a daddatse, ana bin layi kamar ana sauke nauyi. Jimlarsa ta ranar rantsuwa a 2015, cewa shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne, ta zauna domin ta yi kama da shi. Amma a Satumban 2016 fadarsa ta amsa cewa wani yanki na jawabin da ya ƙaddamar da shirin gyaran ɗabi'a da shi an kwaso shi ne daga jawabin nasarar Obama na 2008. Wannan ba ya faruwa ga wanda ya zauna da rubutunsa ya tauna shi. Zaman tambaya da amsa irin na magabatansa ya yi shi a Disamban 2015, daga nan al'adar ta kwanta. Cutar korona ta shigo ranar 27 ga Fabrairu 2020, bai yi wa ƙasa jawabi ba sai 29 ga Maris. Ranar 22 ga Oktoban shekarar, kwana biyu bayan harbin masu zanga-zanga a Lekki, ya karanta jawabi bai ambaci wurin ba. Canjin kuɗi da aka sanar a Oktoban 2022 ya jefa mutane kwana a layin banki, 'yan kasuwar ƙauye suka koma ba ni gishiri in ba ka manda, amma jawabin da ya keɓe wa lamarin sai ranar 16 ga Fabrairu 2023 ya zo. Batun kuɗi da banki ne, irin wanda Roosevelt ya yi bayaninsa daren da ya gabaci buɗe bankuna. Mu namu bayanin ya iso bayan an sha wuyar.

Sai Bola Tinubu a Dandalin Eagle, 29 ga Mayu 2023. A tsakiyar karatu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Daga baya, a gaban 'yan Najeriya mazauna Faransa, ya faɗa da bakinsa cewa ba a sa wannan a rubutun ba, ƙarfin hali ne ya zo masa a kan mumbari. Kafin dare gidajen mai sun rufe ƙofa, layuka sun miƙe, kuma cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Ana iya jayayya kan ko cire tallafin daidai ne. Manyan 'yan takarar 2023 duk sun ce za su cire, kasafin kuɗin ma iyakarsa watan Yuni ya tanada. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne yadda aka faɗa. Ga shugaba ya bar takarda, abin da ake ta fata, amma da ya bar ta ba bayani ya shiga ba, sanarwa ya yi, irin ta “nan take”, ba tare da ya ce ga dalili, ga ranar farawa, ga abin da zai same ku, ga abin da muka tanada ba. Ɗan siyasa ne da bai taɓa sa kaki ba, amma da bakinsa ya kuɓuce, salon bariki ne ya fito. Jawabin da ya zauna ya warware lissafin tallafin da sauƙaƙan kalmomi ya zo ranar 31 ga Yuli, bayan wata biyu. Jawabi ne mai kyau. Da ranar 28 ga Mayu aka yi irinsa, ko 30, da wani labarin ake yi.

Saura batun harshe, wanda shi ne mafi wuya. Duk jawaban nan da Turanci ake yin su, a ƙasar da miliyoyin mutane sai an fassara musu. Abin da ke isa kunnen manomi a Gumel ba muryar shugaba ba ce, muryar mai karanta labarai ce, an taƙaita minti 20 zuwa jimla biyar; duk wani dakatawa da dannawa sun zube a hanya. Shugaba kuma ba shi da damar ya zaɓi harshe ɗaya. Da Buhari ya aiko da saƙon Sallah na murya da Hausa daga Landan a Yunin 2017, kudu ta yi ca, kuma suna da hujja. Julius Nyerere ya yi sa'ar Swahili da ya haɗe Tanzaniya, mu ba mu da irinsa. Amma rashin harshe ɗaya bai hana amfani da da yawa ba. Nana Akufo-Addo na Gana ya yi wa ƙasarsa jawabi fiye da sau 20 a shekarar farko ta korona, yakan kuma rufe da 'yan jimloli da harsunan Twi da Ga. A Nijar, Janar Abdourahamane Tiani kan zauna doguwar hira da Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Hirarsa ta Hausa a Disamban 2024, inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, ta karaɗe wayoyin Arewa cikin kwana ɗaya, har sai da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribaɗu, ya fito sashen Hausa na BBC ya musanta. Ba gaskiyar zargin ce ta yaɗa shi ba. Mutane sun ji shugaban wata ƙasa yana yi musu magana da harshensu, ido cikin ido, abin da nasu bai saba yi musu ba.

Tsarin mulkin 1999 bai tilasta wa shugaban Najeriya komai a wannan fanni ba. Sashe na 67 cewa ya yi yana iya zuwa majalisa ya yi jawabi kan al'amuran ƙasa, in ya ga dama. Na Gana kuwa ya wajabta wa nasu shugaban jawabin halin da ƙasa ke ciki a farkon kowane zangon majalisa. Majalisarmu ta zartar da ƙudurin doka irin wannan a 2013, Jonathan ya ƙi sa hannu. Tun da doka ba ta ɗaure su ba, sai a ɗaure su tun suna neman ƙuri'a. Editoci da masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyonmu, duk ɗan takarar da ya zauna a gabanku, ku tambaye shi sau nawa a shekara zai zauna ya amsa tambayoyin da ba a ba shi tun da wuri ba, da waɗanne harsuna za a ji shi, kuma ko ya yarda ba zai ƙara wa talaka nauyi ba sai ya fara fitowa ya yi masa bayani. Ku naɗi amsar, ku ajiye.